INABI MARAR ƘWALLO: HALAYENSA DA ABIN DA YA KAMATA A SANI KAFIN A DASA SHI

A 'yan shekarun nan inabi ya yawaita a kasuwanninmu. Wani daga ƙasashen waje ake kawo shi cikin kwali, wani kuwa a nan ake nomansa, musamman a ƙasar Kudan ta wajen Zariya, inda manoma suka kakkafa masa rumfuna a gonakinsu. Duk wanda ya saya ya ci ya lura akwai iri biyu, wani da ƙwallo a cikinsa, wani kuwa babu. Masu saye sun fi son marar ƙwallo, saboda haka manoma ma suka fara tambayarsa.

Sanin kowa ne talaka in ya ji labarin sabon abu, wurin dagacinsa ko hakiminsa yakan nufa neman shawara, abin da aka gaya masa can kuwa shi zai riƙe. Inabi ba kamar gero ba ne da za a shuka da damina a ga sakamako da kaka. Wanda ya dasa shi sai ya kashe kuɗi a kan rumfa da ban ruwa, ya yi wahalar shekara biyu ko uku, kāna ya san abin da ya dasa. In an yi kuskure tun farko, hasarar ba ƙarama ba ce. Don haka aka rubuta wannan takarda, domin hakimai da magatakardansu su san halayen mafi shahara cikin inabi marasa ƙwallo, watau wanda ake kira Sultana.

A cikin bayanin nan, in an ce nono ana nufin curin 'ya'yan gaba ɗaya, kamar yadda ake cewa nonon dabino. In an ce ƙwaya ana nufin ɗa guda, ƙwallo kuwa shi ne irin da ke cikin ƙwayar.

SUNANSA DA ASALINSA

Sultana tsohon iri ne ƙwarai. An daɗe ana nomansa a ƙasashen Turkiyya da Farisa da Afganistan, kowace ƙasa kuwa da sunan da ta ba shi. Turkawa suna ce masa Sultaniye, mutanen Farisa da maƙwabtansu suna ce masa Kishmish, a Masar kuwa Banati ake kiransa. Amma sunan da aka fi bugawa a jikin kwali yanzu shi ne Thompson Seedless, ga kuwa yadda ya same shi.

Akwai wani manomi mutumin Ingila, sunansa William Thompson, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka ya zauna a jihar Kalifoniya, kusa da garin Yuba. A shekarar 1872 ya aika aka sayo masa 'yan rassan inabi daga wani gidan renon itatuwa na garin Rochester a jihar New York. Ya aura su a jikin itatuwan inabin da ke gonarsa, guda ɗaya tak ya rayu. A shekarar 1875 ya kai 'ya'yansa wurin nunin amfanin gona a garin Marysville, mutane suka ga inabi mai zaƙi babu ƙwallo, suka dinga roƙon rassa suna dasawa, har aka laƙaba masa sunan mutumin. Daga baya masana suka gane ashe tsohon Sultana ne na ƙasashen gabas. Daga wannan reshe guda ya bazu har ya zama shi ne ginshiƙin sana'ar zabibi a Kalifoniya.

Yau ana nomansa da yawa a lardin Manisa na Turkiyya, da gaɓar kogin Murray a Ostireliya, da gaɓar kogin Orange a Afirka ta Kudu, da Masar, da Indiya, da ƙasar Turfan ta yammacin Sin. In an duba wuraren nan za a ga abu guda ya haɗa su: lokacin da inabin ke nuna akwai rana mai zafi, iska a bushe, sama ba ta zubar da ruwa, amma akwai ruwan ban ruwa a ƙasa.

KAMANNINSA

Itacen Sultana mai yaɗo ne da ƙarfin girma, ganyensa manya, ba ya iya tsayawa da kansa sai an yi masa rumfa ko an ja masa waya. Nononsa babba ne, dogo, mai faɗi daga sama, ya tsuke daga ƙasa. Ƙwayarsa ba kewayayya ba ce sosai, ta ɗan yi tsawo kamar ƙwan tsuntsu. Tana ɗanya koriya ce, in ta nuna sai ta yi haske, wadda rana ta buga kuwa ta koma ruwan zuma. Fatarta siririya ce, ba ta damun baki, naman yana da ɗan ƙarfi, zaƙinsa tsantsa ne ba wani ƙamshi mai ƙarfi. A jikinta akwai wata 'yar farar ƙura kamar an barbaɗa gari. Wannan ba dauɗa ba ce, halitta ce, tana kare ƙwayar daga bushewa, kuma alama ce ta cewa hannu bai yi yawa a kanta ba.

In an bar shi bisa halinsa, ƙwayar Sultana ƙarama ce, nauyinta bai cika wuce giram 2 ba. Manyan da ake gani cikin kwali aikin hannu ne ya mai da su haka, za a kuwa zo ga bayanin wannan a gaba.

ABIN DA YA HANA SHI ƘWALLO

Mutane da dama suna tsammani wani magani ake sa wa inabin ya rasa ƙwallo. Ba haka ba ne, halinsa ne na asali. Yana yin fure kamar kowane inabi, bununin furen ya faɗa inda ya kamata, ƙwallon ya fara ƙulluwa. Amma bayan 'yan makonni sai ƙwallon ya daina girma, ya shanye tun bai yi ƙwari ba, ƙwayar kuwa ta ci gaba da girma. In mutum ya tsaga ƙwaya da wuƙa ya duba sosai, zai ga 'yan burbushi farare masu taushi a tsakiya, su ne ragowar ƙwallon. A shekarar 2018 masana a ƙasar Sifen suka nuna cewa wani ɗan canji ne guda a cikin ƙwayoyin gadon itacen yake jawo wannan.

Daga wannan hali abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, ƙwallo shi ne ke tura ƙwaya ta yi girma, gama yana fitar da wani ruwa mai sa nama ya ƙaru. Da yake ƙwallon Sultana yana mutuwa da wuri, shi ya sa ƙwayarsa take tsayawa ƙarama. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ba shi da irin da za a shuka. Ba a samun Sultana sai ta hanyar reshe, kamar yadda ake dasa rogo da rake, ko kuwa ta hanyar aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo. Ashe ke nan dukan Sultana na duniya, daga Turkiyya har Kalifoniya, tamkar itace guda ne aka yayyanka aka rarraba. Saboda haka duk wanda ya zo da ƙulli ya ce irin inabi marar ƙwallo ne yake sayarwa a shuka, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana neman cutar mutane.

YADDA AKE MASA ASKI

Ana yi wa kowane inabi aski, watau a datse rassansa, domin a jikin sabon toho yake yin 'ya'ya. A jikin kowane reshe akwai idanu a gaɓa gaɓa, kamar na rake, daga cikinsu toho yake fitowa. Yawancin irin inabi in an datse reshe aka bar ido biyu ko uku, za su toho su ba da nono. Sultana ba haka yake ba. Idanunsa na gindin reshe galibi ganye kaɗai suke bayarwa, masu nono suna can gaba wajen tsakiyar reshen. Don haka a Kalifoniya da Turkiyya akan bar masa dogayen rassa masu ido 12 zuwa 15, a ɗaure su a jikin waya.

Wannan shi ne wurin da sabon manomi ya fi yin hasara. Ya ga maƙwabcinsa mai wani iri yana aski gajere, shi ma ya yi haka, sai rumfa ta cika da ganye kore shar, nono kuwa babu, ya ce ƙasa ce ba ta karɓa ba, alhali kuwa da hannunsa ya zubar da amfanin. Har wa yau, idon da ya girma cikin inuwa ba ya cika yin nono. In rumfa ta yi duhu bana, baɗi amfani zai ragu. Taki mai sa ganye in ya yi yawa, shi ma haka yake jawowa.

YADDA AKE ƘARA GIRMAN ƘWAYA

Wanda zabibi yake nufi ba ruwansa da girman ƙwaya. Amma wanda zai kai ɗanye kasuwa, dabara uku ake yi.

Ta farko ita ce ragi. Akan cire waɗansu nonna tun suna ƙanana, a datse wutsiyar waɗanda aka bari, a kuma rage ƙwayoyin da suka cushe, domin abincin itacen ya ishi saura. Ta biyu ita ce kaciyar ɓawo. Da zarar fure ya kaɗe ƙwaya ta ƙullu, sai a sa wuƙa a cire ɓawo a kewaye gindin itacen kamar zobe, faɗinsa bai wuce rubu'in inci ba. Hikimar ita ce, ruwa ta cikin itace yake hawa daga saiwa, amma abincin da ganye ya sarrafa ta cikin ɓawo yake sauka. In an yanke hanyar, abincin sai ya tsaya sama ya shiga ƙwaya, kafin 'yan makonni kuwa ciwon ya warke. Sai dai in wuƙa ta nutse cikin itace, ko zoben ya yi faɗi, ko itacen ƙarami ne ko marar lafiya, yana iya mutuwa. Ba aikin ɗan koyo ba ne.

Ta uku ita ce fesa wani sinadari mai suna jibaralin. A Japan aka gano shi, inda wata fumfuna take sa shinkafa ta yi tsawon banza ta faɗi. A shekarar 1926 wani masani mai suna Kurosawa ya nuna cewa wani ruwa ne da fumfunar ke fitarwa yake sa haka. Daga baya aka gane tsire-tsire ma da kansu suna yin irinsa, shi ne kuwa abin da ƙwallo yake bai wa ƙwaya. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara gwada shi a kan Sultana a Kalifoniya. Kaɗan ake sawa ƙwarai, kamar giram 20 zuwa 40 cikin ruwa lita 1,000. In an haɗa dabarun nan uku, ƙwaya takan ninka nauyinta sau biyu ko uku. Amma in an zarce awo, ƙwayoyi sukan riƙa zubewa daga nono bayan an yanka, amfanin shekara mai zuwa kuma ya ragu.

ABIN DA BA YA SO

Babban abokin gāban Sultana shi ne ruwan sama lokacin da yake nuna. Da yake fatarsa siririya ce, in ta sha ruwa sai ta tsage, ruɓa ta shiga, nono guda ya lalace cikin 'yan kwanaki. Laima kuma tana kawo masa cututtukan fumfuna. Wata takan rufe ganye da ƙwaya da farin gari kamar toka, maganinta farar wuta. Wata takan yi tabo ruwan ɗorawa a saman ganye da farin gashi a ƙarƙashinsa. Maganin wannan tun 1885 aka bayyana shi a Faransa, inda wani malami mai suna Millardet ya haɗa shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa, har yanzu kuwa ana amfani da shi. Akwai kuma tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, masu cin saiwa, musamman a jigawa. Tsuntsaye ma ba su bar shi ba in ya fara zaƙi.

A ƙasashen da ake sanyi mai tsanani, inabi yakan zubar da ganye ya yi barci, in bazara ta zo ya farka ya toho gaba ɗaya. A ƙasa mai zafi ba ya samun wannan hutu. Manoman Indiya, na wajen Nashik da Sangli a jihar Maharashtra, su ne suka fi ƙwarewa wajen sarrafa shi cikin zafi. Sau biyu suke masa aski a shekara. Cikin watan Afrilu su datse shi gajere domin ya yi sababbin rassa, ba su neman 'ya'ya a lokacin. Cikin watan Oktoba, da damina ta ɗauke, su sake datsewa su bar rassa masu tsawo, sa'an nan ya yi fure, ya nuna cikin rani bayan wata huɗu zuwa biyar. Yawancinsu kuma sukan aura shi a kan gindin wani inabi mai suna Dogridge, wanda ke jure fari da gishirin ƙasa da tsutsar saiwa. Akwai maganin da suke shafa wa idanu domin su toho tare, amma dafi ne mai ƙona fata, ba a taɓa shi sai da safar hannu da koyarwar malamin gona.

Da yake mu ma damina guda gare mu da dogon rani, wannan tsari na Indiya ya fi kusa da halinmu bisa ga na Turai. Amma ya nuna a fili cewa dukan amfanin a kan ban ruwa yake. Wanda ba shi da rijiya ko rafin da zai kai shi ƙarshen rani, kada ya fara.

YANKA DA AJIYA

Inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne da za a tsinka ɗanye a rufe ya nuna. Ranar da aka yanke shi, zaƙinsa ya tsaya ke nan. Don haka ba a yanka sai an ɗanɗana ƙwayar ƙarshen nono an ji ta yi. Masu awo sukan jira sukarin da ke cikin ruwansa ya kai kamar kashi 17 cikin 100. Da sassafe ake yanka da almakashi, a riƙe nono ta tsinkensa, a sa a inuwa nan da nan. A ɗakin sanyi da ya kusa daskarar da ruwa yakan yi makonni da yawa, amma cikin zafinmu 'yan kwanaki kaɗan ne. Mai saye ya duba tsinke: in kore ne, inabin sabo ne, in ya bushe ya yi baƙi, ƙwayoyi suna zuba in an girgiza, ya kwana biyu.

Wata fa'idar Sultana ita ce, abin da bai sayu ɗanye ba ana iya shanya shi. Yawancin zabibin da ake ci a duniya daga gare shi ne. Akan bar shi ya ƙara zaƙi a kan itace, kilo huɗu ko fiye kaɗan na ɗanye su ba da kilo guda na zabibi. Tsohuwar hanyar Kalifoniya ita ce a shimfiɗa shi a kan takarda tsakanin layuka, ya yi mako biyu zuwa uku, ya fito baƙi-baƙi. Turkawa sukan fara tsoma shi cikin ruwan wani gishiri dangin kanwa da ɗan man zaitun, sai ya bushe da sauri ya fito da haske. A Turfan kuwa ɗakunan tubali suke ginawa masu ƙananan tagogi da yawa, su rataye nonna a ciki, iska mai zafi ta busar da su a inuwa, su fito kore.

SAURAN MARASA ƘWALLO

Ba kowane inabi marar ƙwallo ne Sultana ba, ko da yake mafi yawansu jininsa ne. Masana sun yi ta haɗa shi da waɗansu iri suna fitar da sababbi. A Kalifoniya aka fitar da Perlette a 1946, mai nuna da wuri, da Flame Seedless a 1973, mai ja, da Crimson Seedless a 1989, mai ja mai nuna a makare. Tun daga shekarun 1980 kuma aka sami dabarar ciro ɗan ƙwallon nan tun bai mutu ba, a rene shi cikin kwalba har ya zama tsiro, wannan ya sa sababbin iri suka yawaita. Kowannensu da irin askinsa da lokacin nunarsa, saboda haka sanin sunan abin da aka dasa wajibi ne.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Muna roƙon iyayen ƙasa, in talakawansu sun zo da wannan magana, su taimaka da waɗannan:

1. A sanar da jama'a cewa inabi marar ƙwallo ba shi da irin shukawa, sai reshe ko aure.

2. Kada kowa ya sayi reshe sai ya ga uwar itacen da 'ya'ya a kanta, ko kuwa ta hannun malamin gona. Rassan inabi duk kama gare su in babu 'ya'ya, gani kuwa ya kori ji.

3. Wanda zai fara, ya fara da 'yan itatuwa kaɗan, a ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya, inda ya tabbata da ruwan rani. Yadda wani iri ya karɓi gari ba ya nuna Sultana ma zai karɓa, sai an gwada akan san na ƙwarai.

4. Kada a yi kaciyar ɓawo ko a fesa wani magani sai wanda ya iya yana tsaye.

5. Magatakarda su buɗe shafi a littafinsu, su rubuta sunan mai gona, da sunan irin da ya dasa, da inda ya samo shi, da ranar dashe, da ranakun aski, da abin da ya samu. In an yi haka shekara uku ko huɗu, gunduma za ta san abin da ƙasarta ke karɓa, in kuma gardama ta tashi tsakanin mai sayar da reshe da manomi, akwai abin dubawa.

Wanda yake son ƙarin bayani sai ya nemi malamin gona na yankinsa. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke nomawa.